Wurin Falah a Ummul Ballut

Wadi Musa, farkon Maris

Yaya Nayifa,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fata kina lafiya, ke da ɗanki Gazi da iyalinsa, da gwiwar nan taki da kika ce tana hana ki salla a tsaye. Ni ne Munzir ɗan Falah, wanda ya riƙe miki jaka bara a asibiti a Amman, ranar da kika zo duba ido kika tarar da mu a layin likitan ƙirji. Kin ce mini a ranar kakanninmu wa da ƙani ne, kuma in na taɓa buƙatar wani a Ummul Ballut in rubuto miki. To, ga ni.

Ni dai lafiyata lau. Jami'a ce ta turo ni nan, ina aiki a kan ɗakunan walima da Nabatawa, mutanen da suka mulki yankin nan a zamanin da, suka sassaƙa cikin dutse. Kowane ɗaki dakali uku gare shi, ɗaya yana kallon ƙofa, biyu a gefe, a kansu mutane suke kishingiɗa su ci su sha. Aikina in auna dakalan, in tsince tsingaron kwanukan da suka bari, in gano wa yake zama a ina, wa ake fara miƙa wa, wa yake jiran saura. Shekara dubu biyu da watsewar taron, ni aka bar wa wanke-wanke.

Baba ne ba lafiya. Likita bai ɓoye mana ba, ya ce huhun ya gama nasa aikin, saura na Allah. Yana gida a Zarka, ƙanwata Rudaina ce ke jinyarsa. Da na je makon jiya ya sa na rufe ƙofa, ya ce in ta Allah ta kasance kada mu sa shi a maƙabartar Zarka cikin mutanen da bai san kakanninsu ba, mu kai shi Ummul Ballut kusa da mahaifiyarsa. Na ce masa ai ƙasa duk ƙasa ce. Ya ce ba ƙasa yake nema ba, so yake a binne shi yana ɗan gida, ba wanda aka taimaka wa da rami ba.

Na san maƙabartar dangi a hannun Baffa Mutlak take, yayan mahaifinki. Na kuma san akwai tsohuwar magana tsakaninsa da Baba tun kafin a haife ni, amma a gidanmu ba a taɓa buɗe ta ba. Abin da na sani kawai, ban taɓa kwana a ƙauyen ba, kuma in na wuce ta Tafila a mota Baba yakan ce kada in tsaya. Ki gaya mini mece ce maganar, da kuma ta wace ƙofa ake shiga wa Baffa.

Ƙanenki,
Munzir

Ummul Ballut, ƙarshen Maris

Ɗan baffana Munzir,

Na amsa sallamarka. Muna lafiya, gwiwa kuma tana nan da halinta, ita da ruwan sama ba sa ga maciji. Allah ya ba Baffa Falah sauƙi, ya saka wa Rudaina. Wasiƙarka ta yi ta barci a gidan waya na Tafila har sai da Gazi ya biya ta can da motarsa a hanyar dawowa daga Akaba, shi ya sa ka ji ni shiru.

Na yi dariyar aikinka har jikokina suka leƙo. Na yi shekarun da na yi ina shugabar makarantar 'yan mata, ban taɓa jin ana biyan mutum don ya gano inda matattu suka zauna cin abinci ba. Ka zo nan ranar wani biki ka tsaya a bakin zaure, kafin a zuba romo ka gama littafinka.

Ga maganar da ba a buɗe muku ba. Mahaifinka da Baffa Mutlak 'ya'yan wa da ƙani ne, tare suka yi kiwo, bargo ɗaya suke rufa. Da mahaifinka zai shiga soja sai ya sayar da rabonsa na gonar zaitun, wadda ta jingina da katangar maƙabarta, bai kuwa sayar wa kowa ba sai gidan Abu Sayil, maƙwabtanmu, waɗanda ba jininmu ba. Bai yi shawara da kowa ba. Baffa ya ji labarin ne a wajen walima, hannunsa cikin faranti. Ya zare hannun, ya goge, ya rantse a gaban mutane cewa tukunyar gidansa ba za ta ƙara hawa wuta don Falah ba, hannunsa kuma ba zai ƙara haɗuwa da na Falah a faranti ba. Mutanen Abu Sayil ma tun ranar bai ƙara sa abincinsu a baki ba, ga shi katanga ɗaya ta raba mu. Ana gaisawa, ana salla a masallaci ɗaya, iyakarta ke nan. Shekara arba'in da wani abu.

Na je masa da maganarka. Na same shi a zaure yana dakan gahawa da kansa, don ya ce yaran yanzu ba su iya buga turmi ba. Ya tambayi sunanka, ya tambayi sana'arka, na gaya masa, ya ce gwamnati ce ke biyan wannan? Na ce ita ce. Ya ce shi ya sa har yau ba ta gyara mana hanya ba. Daga nan na faɗi ciwon mahaifinka da abin da ya roƙa. Ya ci gaba da dakansa, bai ɗago ba, har na zaci kunnen ne ya yi halinsa. Can sai ya kama zancen bikin jikansa Za'al, da ragunan da za a yanka, da mutanen da za su zo daga Karak. Da na miƙe zan tafi ya ce in gaya maka wuri yana nan.

Bikin bayan ƙaramar Salla ne, ka sa a ranka. Gazi yana ta danna mini ƙahon mota a waje, bari in tsaya nan in ba shi wasiƙar ya saka a gidan waya.

Yayarka,
Nayifa, Ummu Gazi

Wadi Musa, daren farko na azumi

Yaya Nayifa,

Barka da shiga wata mai alfarma, Allah ya sa mu ga ƙarshensa lafiya. Ina gaida Gazi, ina masa godiyar ɗawainiya da wasiƙunmu.

Ban san yadda zan gode miki ba. Ranar Juma'a na hau mota na tafi Zarka musamman, na karanta wa Baba layin nan da Baffa ya ce wuri yana nan. Ya sa na maimaita. Sannan ya ce wa Rudaina ta dafa masa miyar adas, ƙananan waken nan, shi da ya kwana biyu ba ya karɓar komai sai ruwa. Ya shanye. Ya sa aka ciro masa jan rawaninsa daga akwati, ya zauna yana lissafa mini wa ke kwance kusa da wa, daga bishiyar ƙofar maƙabarta har katanga. Ya ce dama ya san Mutlak, bakinsa ne dutse. Ban taɓa jin ya ambaci sunan ba sai ranar.

A nan aiki ya yi nauyi da azumi, da hantsi muke tashi. Mun tono tarin ƙananan kwanuka a bayan wani ɗaki, sirara kamar ɓawon ƙwai, duk a kife. Abokiyar aikina Bajamushiya ta ce alamar ibada ce. Ni na ce wataƙila mai wanke-wanken ne ya kife su su tsane, aka kira shi, bai dawo ba. Ba ta yi dariya ba.

Zan zo bikin in sha Allahu, in gode wa Baffa baki da baki.

Munzir

Ummul Ballut, tsakiyar azumi

Munzir,

Muna lafiya, azumi ana ta fama. Gaisuwar ta isa haka, don wasiƙarka ta hana ni shan ruwa cikin daɗi.

Kai da ake kira Dakta, kana karanta rubutun dutse, nawa ya gagare ka? To, ni ma da alhakina, na rubuta Gazi yana tsaye a kaina. Wurin da Baffa ya ce yana nan, wurin zama ne a zaure ranar bikin Za'al. Kai ya gayyata. Maganar kabari bai ce ƙala ba, ko a ranar ko bayanta. Na sake gwada shi ranar da na kai masa abin buɗa baki, ya tambaye ni ko gishiri ya yi tsada ne a gidana.

Kada ka gaya wa mahaifinka. Mutumin da ya fara shan miya ba a ƙwace masa kwano. Amma yanzu dole maganar ta zama gaskiya, tunda ka riga ka kai ta.

Hanya ɗaya na sani wadda ba ta taɓa faɗuwa ba. In an zaunar da ku aka miƙo maka gahawa, kada ka sha, ka ajiye finjalin a ƙasa a gabanka. Kowa zai gani. Ba zai bar gahawarsa ta huce a gaban mutanen Karak ba, zai tambayi buƙatarka, kuma ba zai iya cewa a'a ba. Sai dai ka sani, baƙo ne ke ajiye finjali. Ɗan gida ba ya ajiye finjali a zauren iyayensa, don abin da ke nasa ba ya roƙon sa. In ka ajiye za ka samu ramin, amma ka faɗa da hannunka cewa ku na waje ne. In ba ka ajiye ba, wataƙila ya buɗe baki don kansa, wataƙila kuma ka koma da ciki cike da nama kawai. Ni ban san wanne zan zaɓa ba, kuma ba ubana ne a kwance ba.

Ka zo da doguwar riga, kada ka zo mana da wandon tonon ƙasa.

Nayifa

Wadi Musa, farkon Yuni

Yaya Nayifa,

Gaisuwa, da fatan gajiyar biki ta sake ku. Allah ya ba Za'al da amaryarsa zaman lafiya. Ban samu ganin ki ba sai daga nesa kina ba mata umarni da sanda, na ga ba lokacin gaisuwa ba ne. Tunda kina ɓangaren mata, ga abin da ya faru a namu, kafin ki ji shi a bakin wani da ƙari.

Na isa da wuri da niyyar in kama aiki. Na ga samarin gidan suna ɗauko katifu, na kama gefen ɗaya, sai wani ɗan Baffa ya karɓe da sauri yana cewa haba Dakta, ba girmanka ba ne. Aka kama hannuna aka wuce da ni gaban kowa, aka zaunar da ni a can ƙuryar zaure inda ake kallon ƙofa, matashin jingina biyu a dama, biyu a hagu. Tsofaffin Karak suna ƙasa da ni. Shekaru na yi ina rubuta cewa wannan ne wuri mafi daraja a ɗakin walima, kuma ban yi kuskure ba. Abin da ban taɓa rubutawa ba shi ne daga wurin kana ganin duk 'yan gidan suna kai da kawo a tsaye, hannun riga a naɗe, kai kaɗai ne mai sunan gidan da ke zaune.

Baffa ya shigo yana dogara sanda. Ya ba ni hannu, ya ce marhabin da Dakta, baƙonmu daga jami'a. Bai ce ɗan wane ba. Na jira. Aka zagayo da gahawa, ni aka fara miƙa wa. Na riƙe finjalin har ya fara ƙona mini yatsu, ina duban bakinsa, shi kuwa yana tambayar wani tsoho farashin sha'ir. Na tuna Baba da jan rawaninsa a kan gado. Na ajiye.

Baffa ya dubi finjalin, ya dube ni, ya daɗe. Ya ce, "Faɗi." Na ce mahaifina yana roƙon wuri kusa da mahaifiyarsa. Ya ce, "Sha gahawarka, Dakta. Baƙo ba ya fita zauren nan hannu wofi." Na sha, ta riga ta huce.

Da aka shigo da mansaf, shinkafar biki da naman rago, farantin da ke da kan rago aka dire a gabana, fuskar kan tana kallona. Baffa da kansa ya tsaya a kaina yana kwarara romon jamid na busasshen nono, yana yago nama yana turo mini gefena, yana cewa a ci, baƙo bai ci komai ba. Shi bai sa hannu ba, mai gida ne. Akwai wani tsohon rubutu da muke yawan kafa hujja da shi, wanda ya ce sarkin Nabatawa da kansa yake tsayawa ya zuba wa mutanensa abin sha a wajen walima. Mu malamai mukan ce tawali'u ne. Ranar nan na ga wani abu kuma. Mai zubawa yana gaya maka gidan na wane ne, kuma ba ka da bakin musu don bakinka a cike yake. Na sa wannan a babi na uku na littafina, abokiyar aikina ta ce shi ne mafi kyawun abin da na rubuta bana.

Daga nan na wuce Zarka. Na ce wa Baba komai ya tabbata, an yi a gaban shaidu. Ya tambayi wa da wa suka zo, na faɗa. Ya tambayi rago nawa, na ce ban ƙirga ba. Sai ya ce, "Ina suka zaunar da kai?" Na ce a sama, har da kan rago. Ban ambaci finjali ba. Ya dube ni, ya ce to, ya juya fuskarsa bango. Rudaina ta ce tun ranar bai ƙara neman miya ba.

Ni dai abin da aka aike ni nema na samo rabinsa, kuma rabin da ake iya aunawa ne. Na gode da shawara.

Munzir

Ummul Ballut, Agusta

Ɗan baffa,

Lafiya muke, sai zafi da ƙarancin ruwa. Ya jikin Baffa Falah? Na rubuta maka bayan biki ban ji amsa ba, ko ta ɓata a hanya, ko kai ne ka ɓata.

Labarin finjalinka ya zagaya ɓangaren mata kafin a kwashe farantai. Wasu sun ce ka yi wayo, wasu sun ce ɗan birni ne, ba laifinsa ba. Baffa kuwa ya yi kwanaki yana faɗa da kowa a kan abin da bai kai ya kawo ba. Ya sa an share ciyawa a gefen kabarin kakarka, ya je da kansa ya duba, ya ce ba a share da kyau ba.

Ban san abin da ke cikin tsohon nan ba, kuma na girme ka a zama da shi. Kai ma kada ka yi saurin sa shi a babi. Ka gaida Rudaina, ka ce ta riƙa ba mahaifinku man zaitun da zuma ko cokali ɗaya ne.

Nayifa

Wadi Musa, farkon Nuwamba

Yaya Nayifa,

Ina gaishe ki. Na gode da zaman da kika yi da Rudaina ranar jana'izar Baba, ta ce ba ki bar ta ita kaɗai ba ko kaɗan. Allah ya saka. Muna lafiya, na koma bakin aiki.

Na ga ya kamata in gaya miki dalilin da ya sa muka tafi da sassafen kwana na biyu ba mu yi sallama ba. Ba fushi nake rubutawa da shi ba, na bar kwanaki sun wuce don kada ya zama haka. Abin da na gani kawai zan jera.

Baffa ya cika alkawari. An haƙa kabarin inda Baba ya so, an yi salla, an rufe, mutane sun taru fiye da yadda na zata. Aka buɗe zauren dangi don zaman makoki, na tsaya a bakin ƙofa ina karɓar gaisuwa. Baffa ya shigo ya wuce ni, bai ba ni hannu ba, bai ce Allah ya ji ƙansa ba, bai ce Allah ya ba mu haƙuri ba. Ya nemi wuri daga ciki ya zauna. Duk wanda ya gaisa da ni sai ya zarce wajensa ya durƙusa, kamar shi aka zo gani. Wunin ranar kalma ɗaya ba ta haɗa mu ba.

Sai abinci. A Zarka in an yi rasuwa, dangi ne ke karɓar girki, wannan gida yau, wancan gobe, ko dangin da ba a ga juna ba shekara goma. Abin da ake gane ɗan uwa da shi ke nan. A Ummul Ballut gidan Baffa da gidajen 'ya'yansa duka ba wanda ya ɗora ko ruwan shayi. Na duba da idona, ba hayaƙi a ko'ina. Mutumin da ya yanka garke don bikin jika bai ga Falah ya kai ƙwayar shinkafa ba. Da azahar aka shigo da farantai, na tambayi daga ina, aka ce daga gidan Abu Sayil. Wato waɗanda suka sayi gonar. Ban san ko an shirya haka don in gane ba ne, amma na gane. Na fita na koma wajen kabarin har aka kwashe.

Ya rantse tukunyarsa ba za ta hau wuta don Falah ba, ya kuwa riƙe rantsuwarsa har bakin kabari. Ba na ganin laifinsa, mutum ne mai magana ɗaya. Baba ya roƙi abu biyu, ya samu rami. Gara da bai ga sauran ba.

Ba na jin zan sake zuwa. In kin shiga maƙabarta ziyarar naku, ki tsaya a kansa ki yi masa addu'a. Wata mai zuwa zan gabatar da aikina a wani taro a Amman, daga nan wataƙila in nemi canjin wuri.

Munzir

Ummul Ballut, tsakiyar Nuwamba

Munzir ɗan Falah,

Na amsa gaisuwarka. Allah ya ji ƙan Baffa Falah, ya haskaka kabarinsa. Muna lafiya, ana ta kaɗar zaitun, hannuwana duk sun yi baƙi, in ka ga tabo a takardar shi ne.

Ka jera abin da ka gani, kuma duk ka gani daidai. Bari ni ma in jera nawa, na ɓangaren da ba ka shiga ba.

Da safen da aka bugo waya daga Zarka, matar babban ɗan Baffa ta riga ta ɗora tukunya. Sai ga Baffa da sandarsa har madafa, mutumin da tun da nake ban taɓa ganin ƙafarsa a wurin ba. Ya ce ta sauke. Ta ce ai baƙi za su zo daga nesa, me za a ba su? Ya ce, "A gidan mamaci ake girki?" Ya aika gidajen 'ya'yansa da na 'ya'yan ƙannensa, har nawa, ya ce kada ya ga hayaƙi kwana uku. Jikokina sun yi kukan yunwa har azahar, ni na san abin da na sha da su.

Ba Zarka ba ce nan. A can dangi sun warwatsu, wanda ya tuna da kai shi ke kawo maka tukunya. A nan wanda ya yi maka girki ranar mutuwa yana gaya maka mutuwar taka ce, shi ya zo taya ka. Da Baffa ya yanka maka rago ranar, da ya sake zaunar da kai a ƙuryar zaure ke nan, kai da mahaifinka duka. Ta'aziyya kuwa, wa zai yi wa wa? Waɗanda ka ga suna wuce ka suna durƙusa masa, ba gaisuwar girma suka kai ba, haƙuri suke ba shi na ɗan uwansa. Ya zauna ne don ƙafafun ba sa ɗaukar sa.

Abincin ranar farko haƙƙin maƙwabcin katanga ne. Babban ɗan Abu Sayil ya zo ya tsaya daga waje yana murza hula, bai san ko za a karɓa ba. Baffa ya ce ya je ya yi abin da maƙwabci ke yi. Da aka kawo, Gazi ya ce Baffa ya duba inda kake bai gan ka ba, ya ɗan jira, sannan ya naɗe hannun riga ya ci. Tsofaffin da suka san zancen sun kasa haɗiye tasu lomar don kallo. Za ka ce ai duk da haka rantsuwarsa ba ta karye ba, tukunyarsa ba ta hau wuta don Falah ba. Haka ne. Tsohon nan ba a kama shi a magana, ni ma na lura, har na so in yi dariya a ranar da ba ta dace ba.

Abin da ya fi ci mini rai, mahaifinka bai ji wannan ba, kuma Baffa ne ya ja har lokaci ya ƙure. Na faɗa masa haka a fuskarsa. Wannan tsakaninsa da Allah.

Da gari ya waye aka ga ba ka nan, Baffa ya sa aka kama shi aka tsayar a bakin ƙofa, inda ka tsaya. An kawo masa kujera ya ture. Ranar da kashegarinta a nan ya wuni, mutum ɗaya a kowane gefe yana tallafe da shi. Mutanen Karak suka zo, na Tafila suka zo, kowa sai ya tambayi ina ɗan mamacin, Daktan nan. Amsa ɗaya yake ba kowa: "Na aike shi."

Ban karanta masa wasiƙarka ba, ba kuma zan karanta ba. Bai tambaye ni kai ba ko sau ɗaya. Ya dai hana Gazi ajiye mota a ƙofar zaure, wai tana tare masa ganin hanya.

Sadakar arba'in ranar Alhamis ta sama ce, mutanen da suka ji amsar nan duk za su dawo. Har yau kowa a garin nan ya san aiken ka aka yi, kuma don kunyar Baffa ba wanda ya tambayi wane irin aike ne. Ban san iya kwanakin da tsoho zai iya riƙe wannan magana a gaban mutane ba.

Yayarka,
Nayifa